Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Sutura

A layinmu, idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas-ƙas da hantsi daga bayan katanga, ba sai ka leƙa ba. Wani ne ya fito da gwangwanin fenti yana girgizawa. Dalili kuma ba ya wuce uku: ko Sallah ta ƙarato, ko an sa ranar biki, ko kuwa mutum ya gaji da tsohuwar motarsa yana so ya shafa mata hoda da jan-baki kafin ya miƙa ta ga dillalai. Kafin ƙarar ta yi minti biyu yara sun cika wurin, kafin ta yi biyar majalisar mai shayi ta taso ɗungurungum har da bencinta. Mu ba ma barin mutum ya yi wa motarsa fenti shi kaɗai. Ba fa taya shi za mu yi ba, nuna masa za mu yi inda ya yi kuskure.

Bara waccan, ana saura mako guda Babbar Sallah, abin ya faɗo kan Kawu. Kawu ba kawun kowa ba ne a layin, amma haka kowa yake kiransa, har liman. Yana da a-kori-kura, Fijo 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Motar ta girmi duk 'ya'yansa. Ta yi jigilar buhunan masara daga Dawanau, ta kai kayan ɗakin rabin amaren layin nan, ta kai gawa maƙabarta ba a ba shi ko sisi ba. Inji lafiya lau, da ka murɗa makulli ya amsa. Jikin ne dai ya zama allon tarihi. Asalinta fara ce. Ƙofar direba shuɗiya, domin daga wata motar aka ciro ta a Ƙofar Ruwa bayan wata tirela ta goge ta asalin. Madigadin baya ja ne na tsatsa, bonet kuwa rana ta ci shi har ya koma launin kunun kanwa. In jami'in hanya ya tambayi launin motar, sai Kawu ya ce, "Ta wane ɓangaren, ranka ya daɗe?"

Sai da ya fara zuwa gareji. Mai fenti ya zagaya motar sau biyu yana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, sannan ya yanka masa kuɗi. Kawu ya lissafa ya ga abin ya haura kuɗin ragon layya. Ya ce a bar shi ya je ya yi shawara. A wurinmu kuwa, in mutum ya ce zai je ya yi shawara, mai kaya ya san kada ya jira shi.

Shawarar a majalisa aka yi ta, bayan isha'i, kuma a kan launi aka fara. Wani yaro ɗan adaidaita ya ce a yi baƙa, baƙar mota ita ce ta manya. Malamin makarantar da ke layinmu, wanda ba ya rasa tarihi a aljihu, ya goyi bayansa. Ya ce ai Ford na Amurka daga 1914 zuwa 1925 baƙa kaɗai yake fitar da motarsa Model T, kuma duniya ta saya. Mai shayi bai ko ɗago daga tukunya ba ya ce, "Malam, shi Ford ɗin a ranar Kano yake ajiye tasa?" Aka kashe maganar baƙi. Wani ya ce a yi kore irin na soja, saboda kwarjini a hanya. Wani tsohon direban tifa ya tuna masa cewa tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai launin koren soja, ya ce kwarjinin a shingen farko zai ƙare. Da aka ambaci rawaya Kawu da kansa ya ƙi, ya ce ba zai iya da mutane suna ɗaga masa hannu suna "Bata! Sabon Gari!" ba. Ga shi kuma launin mota a rubuce yake a takardunta, in ka canza shi ka jawo wa kanka zirga-zirgar ofis. A takarda fara ce, to a mayar da ita fara. Washegari ya dawo daga kasuwa da kwali a bayan mota: gwangwani 12, da salatef, da damin tsofaffin jaridu.

Duk wannan surutu akwai mutum ɗaya da bai ce uffan ba, shi ne Baba mai fenti. Ya shekara da shekaru yana aikin a gareji kafin ƙirji ya zaunar da shi. Sai da ya ga kwalin ya yi gyaran murya ya ce, "Farin dai kun yi dabara, domin shi ne yake ɓoye lotsawa, baƙi mai sheƙi madubi ne. To ina sanfefa?"

Kawu ya ce, "Baba, ai fentin ne zai rufe komai."

"Fenti ba ya rufa asiri, ɗana. Tona shi yake yi."

A nan dai muke faɗuwa, dukanmu. Mu masoya feshi ne, maƙiya guga. Feshi yana da daɗi: ka danna, launi ya fito, yara su yi shewa. Guga kuwa aikin bayi ne, ba mai tsayawa ya kalle ka. Alhali a wurin masu sana'ar, in aikin na kwana goma ne, tara na guga ne. Baba ya jero mana shi daki-daki. A fara wanke mota da omo har sai maiƙo ya fita, domin duk inda bakin mai ko man goge mota ya taɓa, fenti guje masa yake, ya bar ƙananan ramuka kamar zanzana. Sannan a bi tsatsa da sanfefa mai kaushi, lamba 80, har sai ƙarfe ya fito fari. Lambar sanfefa tana hawa, kaushinta yana raguwa, saboda haka daga 80 sai a hau 180, a ƙare da 400 ko 600 ana yi ana tsoma ta a ruwa. Inda ya lotsa a fara bugo shi daga ciki, abin da ya rage a cike da fila, a kwaɓa ta da ɗan jan maganin da ke sa ta daskare, kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin cikin 'yan mintuna take zama dutse. Bayan haka a fesa fentin shimfiɗa, wannan mai ruwan toka, shi ne yake kama ƙarfe, shi kuma fentin sama ya kama shi. In ka tsallake shi ka gina soro a kan yashi.

Kawu ya saurara da ladabi. Ya sayo sanfefa da gwangwani ɗaya na shimfiɗa. Ranar farko, Baba yana zaune a kan kujera yana nuni da sanda, aka yi wa shuɗiyar ƙofar nan aiki yadda littafi ya ce. Tun safe har la'asar ƙofa ɗaya. Da Kawu ya miƙe ya dafe ƙugu, ya dubi sauran motar, ya ƙirga kwanakin da suka rage, sai ya ce, "Baba, sauran ai da sauƙi." Baba ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya," ya ɗauki kujerarsa ya shige gida. Sauran motar aka ba yara uku da sanfefa ɗaya, suka shafa ta kamar masu shafa kan maraya.

Ranar feshi kuwa sai ka ce wankan amarya. An lulluɓe gilasai da jarida, hoton wani ɗan siyasa yana murmushi a gilashin gaba, labarin ƙwallo a na gefe. Fitilu an manna musu salatef. Taya dai aka ce a bar su, ai za a wanke. Har yau ba a wanke ba.

Abin da aka rubuta a jikin gwangwanin ba shi da yawa, amma ba mu taɓa karantawa ba. An ce a girgiza kamar minti biyu, mu sau biyar muke kaɗawa mu ce ya isa. An ce a riƙe shi nesa da ƙarfe kamar taƙi ɗaya da 'yan kai, wato santimita 25 zuwa 30, mu kuwa kusa muke kai shi don kada iska ta cinye mana kuɗi. An ce a yi shafi siriri, a jira ya sha iska, a sake, har sau uku ko huɗu. Mu a zuwan farko muke so mu ga fari tas. Shi ya sa motocinmu suke kuka. Ka tsaya a wuri ɗaya daƙiƙa biyu, fenti ya taru, ya fara gangarowa, ga hawaye nan har ƙasa. Kawu da ya ga na farko sai ya sa ɗan yatsa ya share. Zanen yatsan nan yana nan a madigadi, ko 'yan sanda za su iya aiki da shi.

In ka ja baya da yawa kuma wata matsalar ce. Fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin mota ya yi kaushi kamar an watsa masa yashi. Haka ma in ƙarfe ya ɗau zafin rana. Shi ya sa masu sana'a suke yi da sassafe, a inuwa, bayan sun yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta. Mu sai rana ta take muke farawa, domin sai an karya, an je an dawo, an jira 'yan kallo. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a damina laima ce take sa fenti ya yi hazo-hazo. Na Kawu ba a yi rabin bonet ba wata guguwa 'yar ƙarama ta taso daga bakin layi, ta kwaso ledar ruwa da ɓawon gyaɗa da gashin kaza, ta zube su a kan ɗanyen fenti, ta wuce abinta. Majalisa ta yi salati baki ɗaya. Aka tsince abin da za a iya tsincewa. Wani ƙuda dai yana nan kusa da tambarin zaki, ya samu kabari mai sheƙi.

Sai kuma yatsa. Wanda bai taɓa fesa mota da gwangwani ba bai san cewa ɗan ali yana da ciwon kansa ba. A gwangwani na huɗu yatsa ya sage, a koma babban yatsa, shi ma ya gaji, a miƙa wa na kusa. Ta haka ne fentin layinmu yake zama aikin gayya, kowane ɓangare da hannun mai shi. Gefen da ɗan adaidaita ya yi ya fi kauri, na Malam siriri ne kamar albashinsa.

Malam ɗin ne ma, yana hutawa, ya ba mu tarihin gwangwanin. Ya ce wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour, a jihar Illinois, shi ya fara ɗura fenti a irin wannan gwangwani a 1949, kuma matarsa ce ta ba shi shawarar. Launin farko ruwan azurfa ne na alminiyam. Mai shayi ya ce, "Ashe shi ya sa duk wanda ya riƙe gwangwani a garin nan sai ya fesa wa salansa da wili ruwan azurfa. Gado ne." Hajiyar Kawu kuwa daga cikin zaure ta ce a dai riƙe wancan ɓangaren na cewa shawarar mace ce, tunda ita tata shawarar, ta a kwashe mata shanya kafin a fara, ba wanda ya ji. Zannuwanta biyu sun samu ɗigo-ɗigon fari, wata kaza ma ta yi sati tana yawo da farin bindi.

Abin da ke ƙara a ciki ɗan ƙwallo ne, na ƙarfe ko na gilashi, aikinsa ya dama fentin da ya kwanta a ƙasa. Wannan ɗan ƙwallon shi ne fitinar yara. Sun san yana ciki, kuma sai sun gan shi. Wasu su sa ƙusa da dutse, wasu su jefa gwangwanin a wutar bola su ja da baya suna toshe kunne. A nan raha take ƙarewa. Abin da ke tura fentin waje iskar gas ce, dangin wadda ake girki da ita, kuma ko gwangwani ya daina fitar da fenti akwai saura a ciki. A wuta fashewa yake, ya yi tsalle inda ya ga dama. Don haka ne Baba ya sake fitowa, ya kori mai shan sigarin da ya matso yana ba da shawara, ya sa aka tattara gwangwanayen da suka ƙare aka ba shi ajiya. Ya kuma dubi Kawu da ya ɗaure hanci da hankici ya ce, "Mu ma haka muka yi. Mu tashi aiki mu sha madara, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, fenti huhu yake tafiya, ba sa haɗuwa a hanya." Ya yi tari, bai ƙara komai ba. Tun daga ranar, a layinmu ba a feshi a cikin zaure ko gareji a rufe.

Gwangwani 12 suka ƙare ana saura ƙofar baya da rabin rufi. Ba abin mamaki ba ne. Gwangwanin mililita 400 ne, kuma kaso mai yawa na abin da ke ciki gas ne da ruwan da ke tashi a iska. Fentin da ke zama a jikin ƙarfe kaɗan ne. Aka tura yaro kasuwa ya ƙaro shida. Ya dawo da fari, amma na wani kamfanin. A ranar muka gane cewa fari ma dangi ne: akwai farin madara, akwai farin alli, akwai farin da ke hararar shuɗi. A inuwa ba ka gane komai. Da rana ta fito sai motar ta zama kamar shaddar da aka ɗinka da ƙyalle biyu.

Da aka yaye jaridu, Kawu ya ja da baya taku goma, mu ma muka ja tare da shi. Wallahi daga nan ta yi kyau. Fara sol, sai ka ce yau ta baro Kakuri. Wani ya fara matsawa, Kawu ya riƙo rigarsa ya ce, "Daga nan ake kallo." Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Ranar Sallah ta kwashi yaran layi zuwa Idi, da yamma ta yi rabon nama, kowa yana "Kawu an yi sabuwa!" yana amsawa da "Sai godiya."

Wata uku aka yi ana cin amarci. Wanda ya fara ɓata shi ɗan bumburutu ne, da ya zo ɗura mai da galan da mazurari, fetur ya gangaro daga bakin tanki. Kafin a kawo tsumma fentin wurin ya yi laushi, ya bar wata doguwar alama kamar hanyar tururuwa. Baba ya ce dama haka ne. Fentin gareji ana haɗa shi da maganin da ke sa ya ƙanƙare, in ya kama ya kama. Na gwangwani bushewa kawai yake yi, don haka fetur yana taɓa shi sai ya tuna asalinsa. Daga nan rana ta karɓi aiki, sheƙi ya tafi. Damina ta zo, tsatsar da aka binne da rai ta fara tasowa ƙuraje-ƙuraje a madigadi. Dillalai ma sun san wannan, shi ya sa in ka kai musu mota tana ƙamshin sabon fenti ba sa kallon launi. Wani har maganaɗisu yake fitarwa daga aljihu ya bi jikin ƙofa. Inda ya ƙi kamawa, fila ce a wurin ba ƙarfe ba.

Mun yi wa Kawu lissafi a majalisa, domin mu ba ma barin asarar mutum ta wuce ba mu ƙirga masa ba. Gwangwani 18, da salatef, da sanfefa, da zannuwa biyu da aka biya, da shayin 'yan gayya. Aka ce da ya ƙara wani abu a kai da ya samu mai kwamfuresa da bindigar feshi ya yi masa a bakin titi. Aka ce araha ba ta ado.

Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni dama ba ado na je nema ba. Sutura na je nema."

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ina ganin ya fi mu gaskiya. Akwai wani Alhaji a bayan layinmu da ya kai motarsa aka yi mata fenti mai tsada, irin wanda ake gasawa a ɗaki. Tun daga ranar bai sake samun barci ba. Ya saya mata riga, ya hana ƙwallo a ƙofar gidansa, akuya in ta gifta sai ya bi ta da ido har ta ɓace. Kawu kuwa jiya ya ɗauko rodi da siminti, rodi ya karce gefen mota tun daga gaba har baya. Ya duba, ya buɗe aljihun mota, ya ciro gwangwani, ƙas-ƙas-ƙas, fuuu, ya hau ya tafi. Motar da ke neman abinci ba ta bukatar kayan lefe. Direbobin gingimari ma da buroshi ake yi wa bodin katakonsu, a zana zaki da dawisu, a rubuta "Hassada ga mai rabo taki" a goshi, ba wanda ya taɓa matsawa ya duba ko layin ya miƙe.

Ragowar fenti kuma ba ta taɓa yin kwantai a wurinmu. Da ita ake sabunta ƙyauren gida da keken yara da akwatin ƙarfen ɗan makarantar kwana. Da ita ake rubuta "Wannan fili ba na sayarwa ba ne" a jikin katanga. Da ita ake yi wa ragon layya alama a gadon baya don kada ya shiga garken maƙwabci.

Yanzu shekara biyu ke nan. Bonet ya koma kunun kanwarsa, rufi yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, madigadi ya fito da jansa. Wuri ɗaya ne tal bai motsa ba: ƙofar direba, wadda aka yini ana guga Baba yana nuni da sanda. Tana nan fara, sumul, ko ƙurji babu. Da ita ce bare a motar don ta fi kowa muni, yanzu ita ce bare don ta fi kowa kyau. Baba in ya zo wucewa sai ya shafa ta da tafin hannu, ba ya cewa komai, mu ma ba ma cewa.

Makon jiya wani jami'i ya tsayar da Kawu a hanyar Dawanau, ya karɓi takardu, ya dubi takarda ya dubi mota, ya ce, "Baba, nan an rubuta fara." Kawu ya fito, ya rufe ƙofa a hankali, ya nuna ta da hannu biyu ya ce, "Ga ta nan, ranka ya daɗe."

Da safen nan kuma na ji ƙas-ƙas-ƙas daga gidan Malam. Ya sayi tsohuwar Golf. Bari in ɗauki kujerata, kada a fara kuskure ba na nan.